Jel Mai Sakin Magani Bisa Ƙa'ida: Ina Ruwan New Bell da Shi?

 Shirinmu na yau a kan magani ne, amma ta fuskar da ba a cika tattaunawa ba. In ana zancen magani, hankalinmu yakan tafi kan sunansa da kuɗinsa da ko yana da ƙarfi. Masu ilimin haɗa magunguna kuwa abin da ya fi damunsu shi ne nawa ya isa jini, kuma ya daɗe har yaushe. Kowane magani yana da iyaka biyu a jikin mutum: in ya gaza ta ƙasa bai yi aiki ba, in ya haura ta sama ya zama guba. Ƙwayar da aka haɗiya takan narke, maganin ya hau jini da sauri, sannan hanta da ƙoda su shiga fitar da shi, ya yi ta sauka har ya kai inda ba ya amfani. Shi ya sa likita ke rubuta sau uku a rana, ko bayan awa shida-shida. Wato an ɗora wa majiyyaci aikin riƙe maganin tsakanin iyakokin nan biyu, da tunaninsa da kuma aljihunsa.

Wannan aiki ya fi ƙarfin mutane da yawa, kuma ba a nan kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2003 da ya nuna cewa ko a ƙasashe masu arziki, kusan rabin masu ciwon da ke buƙatar magani na dogon lokaci ne kawai suke shan sa yadda aka umarce su, kuma abin ya fi muni a ƙasashe masu tasowa. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem sau shida ake sha cikin kwana uku, amma da zarar jiki ya yi sanyi a rana ta biyu sai a ajiye ragowar saboda wani yaron. Na tarin fuka wata shida ne cur. Na hawan jini da ciwon sukari ba su da ranar gamawa. Duk wanda ya san wurin da ake kira Gazon a kasuwar Marché Central ta nan New Bell a Duwala ya san yadda ake sayen magani a can: ƙwaya biyu, ƙwaya huɗu, gwargwadon abin da ke hannu, a yanko daga kati da almakashi, ba takardar likita, ba bayanin awa. Ba na ganin laifin mai sayen, domin ɗan dako ko mai tura baro da bai samu aiki ba yau ba shi da halin sayen kwali guda. Sai dai ƙwayar cuta ba ta karɓar uzuri. Maganin da aka sha rabi yakan kashe raunana ya bar masu taurin kai su hayayyafa, gobe ya daina ci a jikin kowa.

Daga nan tambayar masana ta taso: shin ba za a ɗauke wannan nauyi daga kan majiyyaci a ɗora wa mazubin maganin ba? A ƙera abin da za a sa a jiki ko a kan rauni sau ɗaya, shi kuma ya riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan. A 1976 Robert Langer da Judah Folkman, a birnin Boston na Amurka, suka nuna cewa ana iya cusa manyan sinadarai irin furotin cikin wata roba ta musamman, su yi fiye da kwana 100 suna fita a hankali. Matanmu sun riga sun san irin wannan dabara, domin ashanar tazarar haihuwa da ake sawa a damtse, Jadelle mai shekara biyar da Implanon mai shekara uku, haka suke aiki. Sabon reshen da muke magana a kai ya haɗa jel mai riƙe ruwa, da dabarar sa shi ya ji abin da ke faruwa a jiki, da na'urar ɗab'i mai gina shi daidai da buƙatar mutum guda. Abin da nake son kafawa shi ne cewa matsalar da wannan fasaha ke neman warwarewa ta fi ci mana tuwo a ƙwarya fiye da waɗanda suka ƙirƙiro ta, amma maganin da ke aiki ba da idon majiyyaci ba yana buƙatar amana da bincike fiye da duk ƙwayar da muka saba. Saboda haka shirin karɓarsa ya kamata ya fara tun bai sauka a tashar jirgin ruwan Duwala ba.

Mu fara da jel ɗin kansa, wanda masana ke kira haidirojel. Duk uwargidan da ta taɓa dafa ƙafar sa ko ganda ta bar romon ya kwana ta ga irinsa: da safe romon ya kafe, yana rawa in an taɓa, ana yankarsa da cokali, alhali kusan dukansa ruwa ne. Dahuwa ce ta fito da wasu dogayen zarurruka daga fata da jijiya, da suka huce suka sarƙe da juna suka zama raga mai idanu ƙanana ƙwarai, ruwan ya maƙale a ciki. In an mayar da tukunyar kan wuta ragar ta warware, romo ya koma ruwa. Na asibiti haka yake, illa dai an zaɓi zaren da gangan, an kuma ƙayyade faɗin idanun ragar. Wani zaren daga ciyawar teku ake samo shi, shi ne aljinet. Wani daga ɓawon jatan lande, shi ne kitosan. Wani daga fatar dabba, shi ne jelatin. Wani kuma a masana'anta ake haɗa shi. Otto Wichterle da Drahoslav Lím na birnin Prague ne suka bayyana na farko da aka ƙera don jikin ɗan Adam, a 1960, kuma daga shi aka sami tabarau mai laushi da ake mannawa a ƙwayar ido. Likitoci suna son sa ne saboda naman jikinmu ma mafi yawansa ruwa ne, don haka jiki bai cika yin faɗa da shi kamar yadda yake yi da abu mai tauri ba. In aka zuba magani a cikin ragar, fitarsa ta dogara da girmansa da faɗin idon ragar. In idon mai faɗi ne ya fice cikin awoyi, in matsattse ne ya ɗauki kwanaki ko makonni, in kuma ragar mai narkewa ce a jiki sai ya riƙa fita gwargwadon yadda take zagwanyewa.

To ina wayon da ake cewa yana da shi? A 1978 wani masani ɗan Japan, Toyoichi Tanaka, yana aiki a jami'ar MIT ta Amurka, ya gano cewa akwai jel ɗin da ɗan canji a muhallinsa kan sa ya kumbura ko ya tsuke farat ɗaya, ninki da yawa. Daga nan aka gane cewa ana iya saƙa raga mai amsa alama. Akwai wadda zafi ke motsawa: wani sanannen nau'i yakan sha ruwa ya kumbura in zafi bai kai digiri 32 ba, in ya haura haka ya tsuke ya matso abin da ke cikinsa. Akwai mai jin tsami. Cikin mutum yana da tsami ƙwarai, hanji kuwa ba haka ba, saboda haka ana yin jel da zai ƙi sakin komai a ciki sai ya gangara hanji. Wadda ta fi shafar masu ciwon sukari ita ce mai jin yawan sukari. A 2020 Zhen Gu da abokan aikinsa a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka bayyana wani ɗan manne, kusan girman kwandalar sefa 100, mai ƙananan allurai da ba su kai milimita ɗaya ba, cike da insulin. In sukari ya hau, alluran su saki insulin da yawa, in ya sauka su rage. An gwada shi a kan ɓeraye da aladu masu ciwon, ya daidaita sukarin aladun na kimanin awa 20. Babu batir a ciki, babu kwamfuta, sinadaran ragar ne ke haɗuwa da sukari su canza hali. Duk gidan da aka taɓa ganin dattijo ya yi allurar insulin bai ci abinci ba ya faɗi sumamme, sun san darajar maganin da zai iya tsayar da kansa.

Sai batun ɗab'i. Na'urar da ake kira firinta 3D tana gina abu ne hawa-hawa, bisa zanen da aka ba ta a kwamfuta. A wannan fanni, maimakon tawada sai a ɗura jel a sirinji, na'urar ta riƙa matso shi siriri tana jera layi kan layi har siffar ta tashi. Thomas Boland na jami'ar Clemson ya nuna a 2003 cewa ko firintar ofis da aka gyara tana iya ɗiga ƙwayoyin halitta masu rai su kuma rayu. Mai sauraro zai ce me ya haɗa siffa da magani. Magani ta bayan abu yake fita, saboda haka dunƙulallen abu da mai huda-huda, ko nauyinsu ɗaya ne, ba sa saki da sauri ɗaya. Wanda ya iya sarrafa siffa ya iya sarrafa lokaci. A 2015, a jami'ar Nottingham ta Ingila, an buga ƙwaya guda mai ɗakuna, ɗauke da magungunan zuciya da hawan jini guda biyar, biyu suna fita nan take, uku a hankali. Ga kuma batun yara, wanda ya fi taɓa ni. Da nauyin yaro ake auna maganinsa, amma masana'anta ƙwayar manya ta fi yi, sai uwa ta raba ta biyu ko huɗu da wuƙa ko haƙori, wani ɓarin ya fi wani. A 2019 an ba da rahoton wani asibiti a Santiago de Compostela ta ƙasar Sifaniya da ya buga wa yara masu wata cutar gado maganin taunawa, kowane yaro da ma'auninsa. Irin wannan na'ura ake son ta riƙa buga bandejin jel daidai faɗi da zurfin rauni bayan an ɗauki hotonsa, maganin kashe ƙwayoyin cuta a hawan da ke taɓa nama, mai taimakon tsirowar sabon nama a hawan da ke bayansa don ya iso daga baya.

Wajibi ne a nan in raba abin da ke hannun likitoci da abin da ke ɗakin gwaji, domin shirin faɗakarwar da ya sayar wa mutane buri ya ci amanarsu. Kowane ɗaya daga cikin sassan nan ya riga ya shiga asibiti shi kaɗai. Akwai Propess, ɗan jel mai zare da ake sa wa mai ciki don taimaka wa naƙuda, yana sakin kimanin miligiram 0.3 a kowace awa, in ya isa a ja zaren a cire. Akwai Jelmyto da Amurka ta amince da shi a 2020, maganin wani nau'in sankarar hanyar fitsari: ruwa ne in yana da sanyi, in ya shiga jiki ya ji ɗumi ya kafe, ya zauna awoyi a wurin ciwon maimakon fitsari ya wanke shi nan da nan. Ƙwayar farko da aka buga da firinta 3D aka yarda a sayar ita ce Spritam, maganin farfaɗiya, a Agustan 2015, sai dai ita ba jel ba ce, kuma an yi ta ne don ta narke da sauri a baki. Haɗa su duka a abu guda, wato jel mai amsa alama da aka buga daidai da majiyyaci, mafi yawan aikin har yanzu a kan dabbobi da kwanukan gwaji yake. Jel da yawa kan zubar da kaso mai yawa na maganin a awoyin farko kafin ya daidaita. Tsarkake shi daga ƙwayoyin cuta yana da wuya, tunda zafi mai yawa kan lalata ragar ko maganin. Alamar da ke aiki tsaf a kwalba kuma takan rikice a jikin mutum, inda jini da gumi da mugunya suke cakuɗe.

Duk da haka, ƙofar da nake ganin wannan fasaha za ta fara amfanar mu ta ita ita ce ta gyambo da ƙuna. Ɗakunan wankin ciwo a asibitin Laquintinie ko asibitin gundumar New Bell ba sa rasa ƙafar mai ciwon sukari da ta ƙi warkewa, da gyambon idon sawu na masu sikila, da ƙunar salansar babur ɗin haya da muke kira bensikin, da yaron da ruwan zafi ko man suya ya zubo wa. A Akonolinga da Ayos akwai gyambon Buruli, wanda maganin shansa mako takwas ne amma raunin kan ɗauki watanni. Dalilina na fifita wannan ƙofa shi ne abin da ke kan fata ana ganinsa, in ya ɓaci a ɗaye shi, saɓanin abin da aka dasa a cikin jiki. Sannan ƙafar mai ciwon sukari jini ba ya isarta sosai, saboda haka maganin da ya sha ta baki kaɗan ne ke kaiwa inda ake buƙatarsa. Mutanenmu ma sun hango wannan da kansu, shi ya sa ake fasa kafso a barbaɗa garin a kan ciwo. Tunanin kai magani wurin ciwo daidai ne, amma hanyar tana da illa, domin babu ma'auni, garin ya ƙare cikin ɗan lokaci, ƙwayoyin cuta kuma su saba da shi. Haka nan akwai imanin cewa ciwo sai ya sha iska ya bushe yake warkewa, alhali tun 1962 George Winter ya nuna a Ingila cewa raunin da aka rufe cikin laima mai tsabta ya fi saurin haɗewa. Busasshiyar auduga takan manne, in an zo cirewa ta yago sabon naman da ya fara tsirowa, jel kuwa ba ya haka. Ga kuma alamar da jel mai wayo zai iya karantawa: lafiyayyar fata tana da ɗan tsami, gyambon da ya daɗe ko ya ruɓe kuwa yakan karkata ɓangaren kanwa. Bandejin da zai ji wannan canji ya saki magani a lokacin kaɗai zai rage shan maganin da babu dalili. A jami'ar Bath ta Ingila har an ƙera na gwaji da ke canza launi in ƙuna ta kamu da ƙwayoyin cuta, don ma'aikacin jinya ya sani ba sai ya buɗe ba.

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu yanzu: unguwar da ruwan sama ke shiga ɗakuna kowace damina, ina ita ina jel da ake bugawa da kwamfuta? Ƙorafin yana da tushe, kuma ba zan goyi bayan a ɗebi kuɗin gidan sauro ko na ruwan sha a sayi firinta ba. Amma tarihin magani a ƙasar nan ya nuna cewa tsada ba ta dawwama. A shekarar 2000 maganin ƙanjamau na shekara guda ya haura dalar Amurka 10,000. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayinsa a kan dala 350, a watan Mayun 2007 kuma Kamaru ta mai da shi kyauta. Na'urar ma ba ita ce mai tsadar ba, domin a jami'ar Carnegie Mellon an nuna yadda ake mai da firintar 3D ta kasuwa ta zama mai buga jel da ƙasa da dala 500, aka saki zanen kyauta ga kowa. In kuwa za a yi lissafi, a yi shi cikakke. Wankin ciwo kullum na wata uku ya haɗa kuɗin bensikin zuwa da dawowa, da ranar cinikin da ta tafi, da ɗan rakiyar da ya bar nasa aikin, wani lokacin har da ƙafar da aka yanke daga ƙarshe.

Ƙorafin da ya fi damuna shi ne na jabu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ko dai jabu ne ko bai kai inganci ba. A watan Yulin 2023 ta fitar da gargaɗi kan maganin tari na yara mai suna Naturcold da aka samu a nan Kamaru, bayan mutuwar yara, inda gwaji ya nuna wani sinadari mai guba ya kai kashi 28.6 cikin 100, alhali iyakar da aka yarda da ita ita ce 0.10. Wannan maganin ruwa ne da aka daɗe da sanin yadda ake gwada irinsa. Yanzu ku yi tunanin abin da aka ce zai yi wata guda yana aiki. Ƙwayar zazzaɓi ta jabu takan tona kanta, domin bayan kwana biyu jiki bai yi sanyi ba mutum zai nemi wani. Amma wanda aka manna wa jel ɗin da babu komai a ciki zai kwanta da tabbacin cewa an kula da shi, cutar tana cin sa a ɓoye. Ɗaya gefen ya fi muni. Mazubin da ke ɗauke da maganin wata guda, in ragarsa ba ta saƙu daidai ba, zai iya zubar da shi duka a yini ɗaya. Ga kuma wata sabuwar wahala da ɗab'in ya zo da ita. A masana'anta ana yin ƙwaya dubbai iri ɗaya, a ɗebi samfuri a gwada, a yi hukunci kan sauran. In kowane bandeji na mutum guda ne, me za a ɗeba? Dole binciken ya koma kan na'urar da jel ɗin da ke cikinta da ƙwarewar mai bugawa. Ingila kanta sai a 2025 dokarta ta haɗa magani a gefen gadon majiyyaci ta fara aiki. A nan muna da LANACOME a Yawunde, ɗakin gwajin ingancin magunguna na ƙasa, akwai kuma Hukumar Magunguna ta Afirka da yarjejeniyarta ta fara aiki a Nuwamban 2021. Su ne ya kamata a ƙarfafa da kayan auna saurin fitar magani. Kafin nan kuwa, jama'a, duk wanda ya tare ku a tebur ko a mota da wani manne ko jel da ya ce yana sakin maganin sukari ko hawan jini na makonni, ku bar masa kayansa, kuma kada ku daina maganin da likita ya rubuta muku saboda shi.

Akwai masu cewa za a mai da mu zakaran gwajin dafi ne kawai, kuma ba a banza suke tsoro ba. A Kano, a 1996, an gwada maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau a gwajin da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu, shari'a ta ɗauki shekaru. A nan Duwala, a 2004, an fara gwajin maganin tenofovir a kan mata kusan 400 don ganin ko zai kare su daga ƙanjamau, a Fabrairun 2005 Ma'aikatar Lafiya ta dakatar da shi bayan ƙorafi kan irin bayanin da aka yi wa matan da kulawar da za a ba wadda ta kamu. Daga baya gwaje-gwaje a wasu ƙasashe suka tabbatar cewa maganin yana karewa. Abin da na fahimta daga wannan shi ne ƙin gwaji gaba ɗaya ba ya kare mu, domin ƙarshenta za a kawo mana abin da aka daidaita da jikin wasu da yanayin wasu. Abin da ke karewa shi ne sharaɗi: bayani cikin harshen da mutum yake ji, Hausa ga mai jin Hausa, da 'yancin janyewa, da rubutaccen alkawarin kulawa in an cutu. Cikin bayanin nan dole a faɗi asalin jel ɗin. Jelatin da aka fi amfani da shi a ɗakunan gwajin ɗab'i daga fatar alade yake fitowa. Wani taron malamai da likitoci a Kuwait a 1995 ya ga halaccinsa, bisa hujjar cewa ya rikiɗe ya zama wani abu daban, wasu malaman kuma ba su gamsu ba. Fatawa ta malamai ce, amma ɓoye wa Musulmi asalin abin da za a sa a jikinsa kuskure ne babba. Mun ga yadda shakku ya tsayar da allurar shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Mafita kuma tana nan, tunda aljinet na ciyawar teku ne, akwai kuma jelatin na kifi da na shanu.

Saura batun zafi, wanda aka fi mantawa da shi alhali shi ya fi kusa da mu. Na ce wani jel yana tsukewa a digiri 32. A Turai wannan adadi yana tsakanin sanyin ɗaki da ɗumin jiki, shi ya sa ya yi musu daidai. A Duwala zafin rana a Fabrairu da Maris yakan kai haka, a Marwa da Kuseri kuwa Afrilu kan wuce 40. Jel ɗin da aka loda a babbar mota zuwa arewa zai iya sakin maganinsa cikin kwali kafin ya ga majiyyaci. Propess da na ambata a firiza ake ajiye shi, kuma kowa ya san yadda wuta ke ɗaukewa. Laimar garin nan ma, inda ruwan sama ke haura milimita 3,500 a shekara, abokiyar gabar duk abin da ke shan ruwa ce. Wannan tambaya ba wanda zai amsa mana ita daga Boston, kuma ba ta fi ƙarfin tsangayar koyon likitanci da haɗa magunguna ta Jami'ar Duwala ba. Wichterle kansa da kayan wasan yara na ƙarfe ya haɗa na'urarsa ta farko ta yin tabarau mai laushi a gidansa a 1961. Kayan aikin ma suna kewaye da mu: ɓawon jatan landen da ake zubarwa a Youpwé, da sitacin rogo, da ƙaron da ke fitowa daga Chadi da arewacin Kamaru yana wucewa ta tashar jirgin ruwan nan ɗanye. Ba za a ɗauko su daga kasuwa a ɗora kan rauni ba, sai an tace su an kai su matsayin kayan magani, kuma wannan tacewar ita kanta sana'a ce. Gwajin farko da ya dace da jel irin wannan sananne ne a fannin: a ajiye shi wata shida a digiri 40 da laima kashi 75 cikin 100, sannan a fito da shi a auna nawa yake saki a kowace awa, a gwada da abin da yake saki ranar da aka buga shi.